Sharhi: Bayan Tangarɗar JAMB Da WAEC, Me Jami'o'i Ke Koyarwa Kan Kula Da Ayyukan Fasahar Zamani?

A ranar 14 ga watan Mayun 2025, magatakardan Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu, wato JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban manema labarai a hedikwatar hukumar da ke Bwari, ya amsa cewa kuskure daga ɓangarensu ne ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997. Hawayen da ya zubar a wurin su suka fi ɗaukar hankalin jama'a, har hotunansu suka karaɗe kafafen sada zumunta. Bayanin da ya zo tare da hawayen bai samu irin wannan kulawa ba, alhali kuwa a cikinsa ne babban darasin yake.

An yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, irin wanda masu sana'ar kan kira faci. Gyaran ya hau kan manyan kwamfutocin da ke yi wa wani rukunin cibiyoyi hidima, amma masu kwangilar da ke kula da ɗaya rukunin ba su ɗora shi a kan dukkan nasu ba, kuma ba a ankara ba har aka saki sakamako. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, 65 a Legas, 92 a shiyyar Owerri wadda ta ƙunshi jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Aka umarci ɗaliban su sake zama daga ranar 16 ga wata, kwana biyu kacal bayan sanarwar, a daidai lokacin da yawancinsu ke tsakiyar rubuta jarrabawar kammala sakandare.

Ba a cika wata uku ba, ita ma Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta fito ta nemi gafara. Ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka samu kyakkyawan sakamako a darussa biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gyara adadin zuwa kashi 62.96, tana mai cewa an yi amfani da jerin amsoshin da ba su dace ba wajen duba wani sashe na takardar Turanci. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai dubban ɗaruruwan yara da suka kwana suna ganin sun faɗi.

A duka lamuran biyu babu wanda ya ce an rasa masu iya rubuta manhaja. Gyaran JAMB ya yi aikinsa a inda aka ɗora shi. Tambayoyin da suka taso iri daban ne: wa ke riƙe da jerin kwamfutocin da ya kamata gyaran ya hau? Wa zai duba ya sa hannu cewa ya hau kowace ɗaya? Wa ke da hurumin cewa a dakata da sakin sakamako har sai an kwatanta makin wannan shiyya da na waccan? Amsa irin waɗannan tambayoyi sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idoji da littattafai da takardun shaida, kuma ana karanta ta a jami'a. Ita ce kula da ayyukan fasahar kwamfuta da sadarwa, mai yin ta kuma shi ne manajan aiki.

Abin da manajan aiki ke riƙewa

Mutane da dama kan ɗauka cewa manajan aiki shi ne wanda ya fi kowa iya kwamfuta a ofis. Sau da yawa ba haka ba ne. Matsayinsa ya fi kama da na wanda aka damƙa wa ginin gida: ba lallai ya iya jera bulo kamar magini ba, amma shi ya san ba a zuba dakin kafin ginshiƙai su bushe, shi ya san ranar da siminti zai ƙare, shi kuma zai faɗa wa mai gida cewa ƙarin ɗakin da ya tuno da shi jiya zai ci ƙarin kuɗi da ƙarin makonni. A aikin manhaja wahalar ta ninka, domin ginin ba ya ganuwa. Mai gida yana iya zuwa fili ya ga katanga ta kai wuya. Babban sakataren ma'aikata ba shi da hanyar da zai kalli manhaja ya gane ko rabi aka yi ko kashi goma, sai abin da aka gaya masa.

Saboda haka ɗalibin wannan fanni yakan fara da koyon tantance iyakar aiki, wato rubuta abin da za a yi da abin da ba za a yi ba, bayan an zauna da waɗanda za su yi amfani da shi. Daga nan sai rarraba aikin gida-gida, da ƙiyasta lokaci da kuɗin kowane gida, da gano jerin matakan da jinkirin ɗayansu zai jinkirta komai. Akwai rajistar haɗurra, inda ake rubuta duk abin da zai iya ɓaci da wanda zai ɗauki mataki idan ya ɓaci. Akwai ƙa'idar canji, wadda ke hana kowa taɓa manhajar da ke aiki ba tare da izini da gwaji da hanyar komawa baya ba, kuma nan ne daidai inda lamarin JAMB ya faɗa. Sai gwaji, da horar da ma'aikata, da miƙa aikin ga waɗanda za su ci gaba da riƙe shi bayan ɗan kwangila ya kama gabansa.

Fannin ya tara hikimomi daga asarar wasu. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya lura tun a 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, domin tsofaffin hannu za su bar aiki su koma koyar da sababbi. Ba kuma Najeriya kaɗai ke tuntuɓe ba. Birtaniya ta fara shirin haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin Ingila a 2002, ta rushe shi a 2011 bayan ya laƙume kusan fam biliyan 10. Bambancin shi ne a can irin wannan asara takan zama rahoton majalisa da darasin aji, a nan kuwa takan zama zancen mako guda.

Misalin da ya fi cancanta a karantar a kowace jami'ar ƙasar nan shi ne na shafin duba sakamakon zaɓe na Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta, INEC, wanda ake kira IReV. An fara amfani da shi a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020, ya kuma yi aiki a zaɓukan gwamnoni da dama bayan haka. A ranar 4 ga Fabrairun 2023 hukumar ta yi gwajin tantance masu zaɓe a rumfuna 436 a faɗin ƙasa. Da ranar 25 ga wata ta zo, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa ya ƙi. Rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024 ya bayyana dalili: an tsara rumbun bayanan ne ta yadda kowane zaɓe ke ƙarƙashin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardunsa. Sai da misalin ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta hau.

Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, darasin ɗaya ne. Idan bayanin gaskiya ne, to an je zaɓe mafi girma da tsarin da bai taɓa fuskantar irin wannan zaɓe ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su tono aibin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Oktoban 2023 cewa gazawar shafin ba ta soke zaɓen ba, amma amincewar da aka rasa a waɗancan sa'o'i ba abu ba ne da hukuncin kotu ke dawowa da shi.

Inda fannin yake a jami'a

A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin na 2007, aka kuma fara aiki da shi a zangon karatu na 2023/2024. Ya raba ilimin jami'a zuwa manyan fannoni 17, ya fitar da ilimin kwamfuta daga ƙarƙashin kimiyya ya mai da shi fanni mai cin gashin kansa, da digirori daban-daban kamar kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da tsarin bayanai. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikin wannan tsari kula da aiki ya samu gurbi a matsayin darasin shekarar ƙarshe ga ɗaliban kwamfuta.

Ci gaba ne, amma darasi ɗaya na zango ɗaya a shekarar da hankalin ɗalibi ya koma kan kundin kammala digiri da shirin tafiya hidimar ƙasa ba zai fitar da manajan aiki ba. Iyakarsa ya sanar da ɗalibi sunayen abubuwa. A ɗaya gefen kuma, jami'o'in fasaha na tarayya da ke Owerri da Akure da Minna suna da sassa sukutum na fasahar kula da ayyuka, waɗanda suka daɗe suna yaye ɗalibai. Sai dai asalin wannan fanni ya fi karkata ga gine-gine, hanyoyi da masana'antu. Abin da ake samu ke nan shi ne ɗalibi ɗaya ya san manhaja bai san kwangila ba, ɗaya ya san kwangila bai san manhaja ba, alhali aikin yana neman wanda zai zauna tsakanin injiniya da darakta ya fahimci harshen kowannensu.

Matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce yadda ake koyarwa. Kula da aiki yana cikin ilimin da ba ya zama a ka sai an taɓa shi da hannu. Ɗalibi na iya haddace ma'anar rajistar haɗurra ya samu maki mai kyau, amma bai san nauyinta ba sai ranar da abokin aikinsa ya kwanta rashin lafiya saura mako guda a miƙa aiki, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirri. Kundin kammala digiri a mafi yawan sassan kwamfuta aikin mutum ɗaya ne: ya rubuta ƙaramar manhaja, ya kare ta gaban malamai, a ɗaure kundin a ajiye a kanta. Babu mai amfani da ita na gaskiya da zai ce ba haka yake so ba, babu kasafin da zai ƙare, babu abokan aiki da za a saɓa da su. Waɗannan ukun kuwa su ne sana'ar. Shi ma horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya ƙirƙiro a 1973, ya dogara ne da sa'ar ɗalibi. Wani kan samu kamfanin da zai sa shi cikin tawaga, wani kan ƙare watanninsa yana kwafar takardu da zuwa aike.

Abin mamaki shi ne jami'a ba ta rasa ayyukan gaske a harabarta ba. Akwai rabon ɗakunan kwana, da katin marasa lafiya a asibitin makaranta, da jadawalin jarrabawa, da shafin rajista wanda kusan kowane zango ɗalibai ke kuka da shi. Da za a ba tawagar ɗalibai biyar ko shida ɗaya daga cikin waɗannan na tsawon shekara, da wa'adi da ɗan kasafi da jami'in da za su gamsar, a kuma ba su maki bisa yadda suka tafiyar da aikin har da yadda suka bayyana gazawarsu, da sun fita da abin da lacca arba'in ba za ta ba su ba. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar malamin da ya taɓa riƙe aiki, kuma nan ne gizo ke saƙa, domin wanda ya ƙware a wannan fanni bankuna da kamfanonin sadarwa da na ƙetare na biyansa ninkin abin da jami'a ke iyawa, ita kuma jami'a ta fi auna malami da yawan maƙalun da ya wallafa.

Jami'o'in ma suna da nasu misalin da suka ɗanɗana a jikinsu. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2007, an gina shi ne bisa yanayin aikin ma'aikatu. Da aka faɗaɗa shi zuwa jami'o'i, ƙungiyar malamai ta ASUU ta ce bai san da malamin da ke hutun bincike a wata jami'a ba, bai san da malamin wucin gadi ba, har ta fito da nata tsarin mai suna UTAS. Taƙaddamar tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Akwai siyasa da batun 'yancin jami'a a cikin rikicin, ba shakka. Amma ga mai karatun kula da aiki, babin farko ne na littafinsa: abin da kan biyo baya idan aka ɗora wa jama'a tsarin da ba a zauna da su wajen tsara shi ba.

Littafin ƙetare da ƙasar da ake ciki

Mafi yawan ƙa'idojin wannan fanni daga waje suka zo. Cibiyar PMI da ke Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ke bayar da takardar shaidar PMP. Tsarin PRINCE2 daga gwamnatin Birtaniya ya fito. Salon da ake kira Agile, wanda masu rubuta manhaja 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a Amurka a 2001, yana koyar da a riƙa gina aiki kaɗan-kaɗan, ana nuna wa mai shi kowane mako biyu ko uku, ana sauya hanya idan an ga buƙata. Kamfanonin fasaha na Legas da Abuja da Kano da salon suke aiki, kuma ɗalibin da bai san shi ba zai sha wuyar samun gurbi a cikinsu.

To amma ranar da wannan ɗalibi ya shiga ma'aikatar gwamnati zai tarar da wata duniya. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ginu ne kan a fayyace abin da ake so tun farko, a yi talla, a ba wanda ya cika sharuɗɗa da mafi ƙarancin farashi. Wannan ya dace da sayen motoci ko shimfiɗa kwalta. Manhaja kuwa sau da yawa mai ita ba ya sanin ainihin abin da yake so sai ya fara gani. Kasafin kuɗi shekara-shekara yake zuwa, sakinsa kan makara, kuma ya fi son sabon aiki da za a yanke kyalle a buɗe a kan kuɗin sabunta lasisi da gyara a shekara ta uku. Yadda za a daidaita aikin mako biyu-biyu da kasafin shekara-shekara ba ya cikin littafin da aka rubuta a Amurka.

Haka ma haɗurran da ke nan. A tsakiyar 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk kwangilar da aka ƙulla da naira alhali lasisinta da hayar rumbun bayananta da dala ake biya, ta shiga uku ko da injiniyoyinta gwanaye ne. A ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka tsaya cik. A Oktoban wannan shekarar jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki ba wutar lantarki saboda lalacewar manyan layuka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Manajan aikin da zai kafa tsarin bayanan asibiti ko na biyan tallafi a irin waɗannan wurare dole ya tsara shi ta yadda zai yi aiki ko babu intanet, ya aika bayanan daga baya. Wannan ne ya kamata ya cika kashi 30 ɗin da NUC ta bar wa jami'o'i, kuma jami'ar da ke Sakkwato ko Maiduguri na da abin da za ta koyar a nan wanda ta Legas ba ta da shi.

Akwai kuma batun mutanen da ake yi wa aikin. A Disamban 2020 aka ba 'yan ƙasa mako biyu su haɗa layukan wayarsu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ana tsakiyar annobar korona. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin hukumar NIMC, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa Satumban 2024. Lissafi mai sauƙi, na yawan waɗanda ba su da lambar a raba da yawan waɗanda ofisoshi ke iya yi wa rajista a rana, ya isa ya nuna cewa mako biyu ba zai yiwu ba. Kuɗin intanet na eNaira da aka ƙaddamar a ranar 25 ga Oktoban 2021 ya tashi lafiya ta fuskar fasaha, amma binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya nuna cewa mafi yawan asusun da aka buɗe ba a amfani da su. Mai shago a Kantin Kwari ko Onitsha yana da tiransifa da na'urar POS. Ba a ba shi dalilin ƙara wata hanya ba.

Duk wannan bai taɓo abu mafi wuya ba, wato iko. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya su kawo ayyukansu na fasaha ta tantance kafin a fara. A 2025 shugabanta, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya ce kashi 56 cikin 100 na irin waɗannan ayyuka ba su cimma abin da aka yi su dominsa ba, ya kuma danganta hakan da rashin bin ƙa'idar tantancewar. Ma'ana, ƙa'ida tana nan, bin ta ne ya yi ƙaranci. Mai digiri yana shiga aikin gwamnati ne a mataki na 8. Ko ya ga cewa ba a gama gwaji ba, zai yi wuya ya iya hana bikin ƙaddamarwar da aka riga aka gayyaci minista. Shirin sadarwar tsaro da kyamarorin Abuja, wanda aka ba kamfanin ZTE a 2010 kan dala miliyan 470, akasarinsu bashi daga bankin Exim na ƙasar Sin, bai zama abin da aka yi alkawari ba, kuma da wuya a ce rashin sanin zana jadawali ne ya jawo. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Inda aka ƙirƙiri aiki domin kwangilar da ke cikinsa, babu digirin da zai cece shi.

Ba duka aka taru aka lalace ba. Lambar tantance masu asusun banki ta BVN, wadda Babban Banki da kwamitin bankuna suka ƙaddamar a Fabrairun 2014, ta kafu har ta zama ginshiƙin harkar kuɗi, duk da cewa ita ma sai da aka ɗage wa'adinta daga Yuni zuwa Oktoban 2015. Asusun bai-ɗaya na gwamnati, TSA, ya tsaya da ƙafarsa daga 2015. A duka biyun an san mai aikin, an san mai biya, kuma akwai wanda ke da ikon tilasta bin tsari.

Ga ɗalibi da iyayen da ke tunanin wannan fanni, yana da kyau a san cewa ba a fita daga jami'a a zama manajan aiki washegari. Takardar PMP kanta ba a zama jarrabawarta sai mai digiri ya nuna ƙwarewar wata 36 yana jagorantar ayyuka, da sa'o'i 35 na horo, kuma da dala ake biyan kuɗinta. Akwai ƙaramar takarda ta CAPM ga masu farawa. A cikin gida akwai Cibiyar Manajojin Ayyuka ta Najeriya, CIPMN, wadda doka ta kafa a 2018. Hanyar da aka fi bi ita ce mutum ya fara a matsayin mai gwajin manhaja, ko mai tattara buƙatun masu amfani, ko mataimakin manaja, ya hau a hankali. Shirin gwamnati na 3MTT da aka fara a ƙarshen 2023 yana da sashen gwajin inganci da na kula da samfurin manhaja, kuma ƙofa ce ga wanda bai samu fannin a jami'arsa ba. Wanda ke gudun lissafi da rubuta manhaja yana ganin nan ne mafaka zai yi mamaki, domin injiniyoyi ba sa sauraren manajan da ba ya gane abin da suke faɗa. Haka shi ma gwanin kwamfutar da ba ya iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya wadda darakta zai fahimta, ko zama da ma'aikatan jinya ya ji ƙorafinsu cikin harshen da suke ji.

Ayyukan da ke gaban ƙasar sun fi waɗanda suka wuce girma. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO za su koma jarrabawa ta kwamfuta daga 2026, alhali ɗaliban WAEC kaɗai sun kusa miliyan biyu, da yawansu a makarantun karkara da ba su da wuta. Ƙidayar jama'a ta zamani da aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta bayan an sayi na'urori an horar da ma'aikata, ƙasar kuma na ci gaba da dogaro da alƙaluman 2006. Akwai shirin shimfiɗa wayar intanet mai tsawon kilomita 90,000, ga kuma babban zaɓen 2027. Ɗaliban kwamfuta da suka shiga jami'a a rukunin farko na CCMAS a zangon 2023/2024 za su kai shekarar ƙarshe ta digirin shekara huɗu a zangon 2026/2027, kuma a lokacin ne za su zauna darasin kula da aiki a ƙarƙashin sabon tsarin. Majalisun jami'o'i da shugabannin sassa ne ke da hurumin yanke ko za a koyar da shi da takardun lacca kaɗai, ko da rahoton INEC da bayanin JAMB a kan tebur da aikin gaske a hannun ɗalibai.